Tururuwa a Ludayi

Har yau idan na ga tururuwa ta ja layi a tsakar gidana, ba na zuba mata toka, ba na bi ta da tsintsiya. Maƙwabciyata cewa take na cika tausayin banza. Ba tausayi ba ne. Ni da tururuwa akwai tsohuwar shari'a tsakaninmu, saboda ita ce ta raba ni da 'yata ta fari, amma da na zauna na duba, sai na ga ita ma jefa ta aka yi.

A Gurbin Bore aka haife ni, aka kawo ni aure Ƙaura gidan wani tela mai shago kusa da tsohuwar tashar jirgi. Da cikina na fari ya tsufa, aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowa. Sai dai ni gidan da na koma ba uwa a cikinsa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ko kamanninta ban riƙe ba. Abin da na tashi ina ji kawai shi ne bayana ta haifi uku, kuma ba wanda ya kai yaye. Gidan daga Baba sai matan baffannina, kowace da nata ɗawainiyar. Don haka aka aika Shinkafi aka kira Goggo, yayar Baba, ta zo ta zauna da ni.

Kai, Goggo! Doguwa ce, busasshiya, bakinta kullum ja da goro, kuma ba ta dariya sai da dalili. Duk abin da yake da daɗi a duniyar nan, a wajen Goggo akwai cutar da yake kawowa. Abin da yake da ɗaci kuwa magani ne, ko da ganyen da akuya ta shinshina ta bari ne. Ta hana ni ƙwai, wai jariri zai tashi da ɗauke-ɗauke. Ta hana ni rake da zuma da shayi mai sukari, wai zaƙi zai taru ya tare hanyar haihuwa. Na yi kwaɗayin ƙwan zabi a daminar nan har ina jin ƙanshinsa a inda babu shi. Amma kada a ce mugunta ce. Ita ce mai matsa mini ƙafa idan ta kumbura, ita ce mai tsame mini tsokar da ta fi laushi a miya. Tana sona, irin son da ba ya tambayarka abin da kake so.

Na sauka da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Mace. Unguwarzoma ta yanke cibi, aka wanke ta, aka naɗe, aka miƙa wa Goggo. Ni ba a miƙo mini ba, ban kuma sa rai ba, domin na san sai an zubar da daƙashi, wato nonon nan na farko mai kauri, rawaya-rawaya, da ake cewa datti ne. Ana tatse shi ana zubarwa, jaririya kuma ana ɗiga mata ruwan dabino da nonon saniya da ake karɓowa a rugar bayan gari. Ban yi gardama ba. Haka na ga ana yi a kowane gida, na ɗauka haka Allah ya tsara.

Ga kuma kunya. 'Yar fari ce: ba a kallonta a gaban mutane, ba a ɗaukarta sai an tilasta, ba a faɗin sunanta, har gobe ma ba na faɗi. In ta yi kuka sai ki kawar da kai kamar ɗiyar maƙwabta ce. Da wutsiyar ido na san 'yata. Da wutsiyar ido na ga kunnenta na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama, irin na ubanta sak.

Da nono ya sauya ya yi fari, wata safiya bayan an gama yi mini wankan ruwan zafi, sai ga Goggo da sabon ludayi da tsinke a hannu. Matan gida suka biyo ta, suka cika ƙofar ɗaki. Ta sa na tatsa a ludayin. Ta fita gindin rumbu, ta dawo da tururuwa ɗaya tana yawo a kan tsinken, ta karkaɗa ta a tsakiyar nonon. In ta fita da ranta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, mugu ne, ba a ba jariri.

Goggo ta riƙe ludayin da hannu biyu, tsaye cak, ko rawa ba ya yi. Tururuwar ta yi ta juyi wuri ɗaya, tana wutsil-wutsil da ƙafafu. Ni kuwa a raina ina ta ce mata, yi can, yi can, ga gefe nan kusa. Ta yi juyi, ta ƙara, sannan ƙafafun suka saki.

Wata ta ce, "Inna lillahi."

Goggo ta ce, "Abin da ni ka tsoro ke nan. Nonon uwatta na, gado na."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To Goggo, ni da mi anka shayar da ni? Ba da shi ba?"

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Ke kwananki na gaba. Ƙannenki uku ni na wanke su da hannun ga, na sa musu likkafani. Ba ni wanke na huɗu."

To me za ki ce wa mai wannan magana? Na sunkuyar da kai.

Aka shiga gyaran nono. Aka jiƙa saiwoyi na sha, aka shafe ni da kanwa, aka turara ni da abin da har yau ban san sunansa ba. Aka sake kawo ludayi, aka sake kawo wata tururuwar, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ana cikin haka yarinya ta fara gudawa. Kukanta ya sirance, maɗigarta ta faɗa. Ba wanda ya dubi ƙwaryar nonon saniyar da ke wuni a rufe da faifai, ƙuda na kai da kawo a kanta. Cewa aka yi warin nonona ne yake bugunta. Sai aka ɗauke ta daga ɗakina gaba ɗaya, aka kai ta ɗakin da Goggo ke kwana.

Bango ɗaya ne tsakaninmu, na ƙasa, da wata 'yar tsaga daga sama. Ina kwance a gadon jego, garwashi a ƙarƙashina, ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Da ta tsanyara kuka a can, sai nono ya tsinke a nan, ya jiƙa zane, ya gangara har haƙarƙarina. Jikina ya san ta, ba ruwansa da kunya. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ɗakin nan ba, gida cike da mutane, ana daka, ana hira, kaji na kuka, ni kuma ina kwance ina zubar da abincin 'yata a tsumma.

In zafin ya ishe ni, sai in zagaya bayan danga in tsuguna in tatse a ƙasa. Wata rana da azahar na koma wurin, sai na ga inda na tatsa da safe ya yi baƙi. Na duƙa. Tururuwa ce, ba ɗaya ba, ba goma ba, gari guda. Sun kewaye danshin suna sha, wasu na tafiya, wasu na zuwa, layinsu har gindin danga. Na tsaya ina jiran in ga sun fara faɗuwa. Ko ɗaya. Sai ma ƙara kiran 'yan'uwa suke yi.

Na ce, au! Ashe haka ne?

Matan gida sun tafi gaisuwa maƙwabta, Goggo na salla. Na ɗauko ludayin nan, na ɗebo nonon saniyar da ake ba yarinya, na kamo tururuwa na saka a tsakiya. Ta yi juyinta ta mutu, kamar yadda tawa ta yi. Na kamo wata na saka kusa da gefe. Ta yi 'yan wutsil-wutsil, ƙafarta ta taɓa jikin ludayi, ta haye ta yi tafiyarta. Na sake, na kuma sakewa. Ta tsakiya ta mutu, ta gefe ta fita. Ashe duk taron nan ba nono ake aunawa ba, iyon tururuwa ake aunawa.

Na je na tsaya bakin ƙofar Goggo har ta shafa addu'a. Matan gida kuma suka yi sallama suka shigo daidai lokacin. Na nuna musu ludayi, na ba su labarin bayan danga, maganata na hawa kan juna. Na ce a zo a gani, a kawo tururuwa ko nawa ce a gwada. Na ce a ba ni ɗiyata.

Wannan kalmar ce ta kashe ni. Da na ce a ba ni yarinyar, da wataƙila an saurare ni. Amma na ce ɗiyata, a gaban kowa, a kan 'yar fari.

Matar baffana ta kama baki. "La ila! Ku ji min marar kunya. Ɗiyarta!" Sauran suka kwashe da dariya, wata har da tafa hannu. Nan take aka manta da tururuwa, zance ya koma kan rashin kunyar 'yan zamani. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta karɓe ludayin ta ce, "Nonon saniya daban, na mutum daban. Koma ɗaki, iska na bugunki."

Baba yana zaure, ya ce maganar mata ce. Maigidana ya zo ranar suna da ragonsa, amma gidan surukai ne, ko tsakar gida bai taka ba. Na aika masa da magana, amsar da ta dawo ita ce a yi abin da manya suka ce. Ban riƙe shi a rai ba sosai. Yaro ne shi ma a lokacin, kuma an ce masa ceton ran 'yarsa ake yi.

Bayan suna Goggo ta goya yarinya ta tafi da ita Shinkafi. Matar ɗanta na goyon namiji a lokacin, nononta kuma an gwada, tururuwa ta fita. Ita za ta haɗa su ta shayar. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ba: da aka sa yarinyar a nonon mutum, gudawa ta tsaya, ta murmure. Sai kowa ya ce, kun gani? Goggo ta ceci yarinya. Ba wanda ya ce, to ai nonon mutum na nan cikin gidan tun ranar farko, ana zubar da shi bayan danga.

Haka na ƙarasa jego ba jaririya. Ana tafasa ruwa safe da yamma ana fyaɗa mini ganye, ana dama mini kunun kanwa, wai don nono ya kawo. Ya kawo wa wa? Masu zuwa barka su zauna su rasa abin cewa, barka za su yi ko jaje. Da aka yi arba'in na koma Ƙaura, bayana fayau. Zannuwan goyon da aka ba ni gudunmawa na jera su a ƙasan akwati. Matan unguwa suka shigo da murna suna leƙen gado, suna ina amarya, ina amarya? Na gaji da bayani, sai in ce tana wajen kakarta.

Da na sami ciki na biyu, na ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba inda za ni. Na fara zuwa awo a wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwar hatsi. Akwai wata ma'aikaciya mai ƙatuwar murya da ke tsayawa gabanmu kafin a fara kira, tana magana kamar mai faɗa. Ita na fara ji ta ce daƙashin nan da muke zubarwa shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, shi ke tare masa gudawa da cututtuka, kuma a sa jariri a nono tun ana sauka, kada a ba shi ko ruwa. Ta ce nonon wata ya fi na wata kauri ko fari, wannan ba cuta ba ce. Ta ce mu ci ƙwai, ba a taɓa kama ɓarawo ya ce ƙwai ne ya sa shi ba.

Na ɗaga hannu na tambaye ta zancen tururuwa. Ta yi dariya har tana dafa tebur, benci duka ya ɗauka. Ta ce, "Baiwar Allah, ke ma in anka jefa ki tsakiyar gulbi ba ki iya iyo ba, sai a ce ruwan na da dahi?" Ni ban yi dariya ba. Ina zaune ina tunanin ƙannena uku da Goggo ta wanke. Shin nonon uwarmu ne ya kashe su, ko su ma cire su aka yi daga nonon aka ɗora su a kan ƙwarya? Ba wanda zan iya tambaya.

A Ƙaura na haifi namiji, na manna shi a ƙirji tun kafin a gama share ɗaki. Da Goggo ta iso daga Shinkafi, da ludayinta a cikin kaya, ta tarar da shi yana tsotso har da gumi a goshi. Na ce, "Goggo, kin makara. In dahi na, ya riga ya sha." Ta zauna bakin gado ta daɗe tana kallonsa. Ta yi kwanakinta tana jiran abin da bai zo ba, sannan ta koma. Maza uku na shayar da mugun nonon nan. Babbansu yau shi kaɗai yake ɗaga buhun gero ya aza a kafaɗa.

To, sai ku ce ai shi ke nan, gaskiya ta fito, sai a maido mini da 'yata. Haka ni ma na zata. Da aka yaye ta na shirya na tafi Shinkafi da 'yar riga mai fulawa da ubanta ya ɗinka. Ina shiga ta ruga ta ɓuya bayan matar ɗan Goggo, ta cusa kai cikin zanenta. Matar, wadda nake kira Yaya, mutuniyar kirki ce, ban taɓa samunta da laifi ba, kuma wannan ma wani abin haushi ne, domin da muguwa ce da na sami wanda zan tsana. Ta jawo yarinyar tana lallashi, ta ce, "Haba, gaida Antin Ƙaura mana."

Antin Ƙaura. Ita ce Inna, ni ce Anti.

Mun gwada. Aka ba mu ita muka zo da ita gida. Ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, ta ƙi ƙosan da na aika aka sayo mata. Wuni take a bakin ƙofa tana kallon hanya tana kiran Inna, har muryarta ta dushe. Na tuna kukan da nake ji ta tsagar bango, na ga yanzu ni ce bangon. Ni da kaina na ce wa ubanta ya mayar da ita.

Daga nan sai zumunci. Kowace salla ubanta ya ɗinka mata kaya da ƙiyasi, wani lokaci su yi mata yawa, wani lokaci su ɗage. In na je sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ta koma gefe. Ladabi kamar me. Ni kuwa da za ta yi mini tsiwa sau ɗaya, ta zumɓura baki, ta ce ba za ta yi wanke-wanke ba, irin yadda take yi wa Innarta, da na fi so. Mutane na cewa na ji daɗi, an yi mini tarbiyya kyauta. Sai in ce alhamdu lillahi, in haɗiye sauran.

Shekaru suka tafi. Goggo ta rasu, Baba ya rasu, maigidana ma ya bi su, keken ɗinkinsa na nan a rufe da tsohon zane. Samarin kowa ya kama gabansa, ɗaya Gusau, biyu can kudu, sai waya. Na koma girki a 'yar tukunyar da da nake ɗumama miya a ciki. Yarinyar aka yi mata aure a Shinkafi, na je biki na zauna cikin 'yan'uwa. Da cikinta ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan Innarta. Ba wanda ya ma yi tunanin akwai wani gidan.

Ranar da Yaya ta bugo ta ce an sauka, mace, na ji muryarta wata iri. Na matsa mata, sai ta ce uwar mijin yarinyar ta ji tarihin nonon gidanmu, ta ce ba a sa mata jika a nono sai an gwada. Na ce, "Yanzu mi a ka ba ta?" Ta ce ruwan dabino da madarar gwangwani.

Washegari da sassafe ina tasha. Hanyar Shinkafi yanzu ba a binta sai rana ta fito sosai saboda ɓarayin daji, kowa a mota bakinsa na motsi da addu'a, ba mai hira. Ni kuwa huɗuba nake haɗawa. Duk maganar ma'aikaciyar nan na jero ta a kaina, da ta rigakafi, da ta gulbi, da samarina uku. Na ce yau sai na wanke tsohuwar nan tas, in ya so a ce ba ni da kunya, ai an daɗe da faɗa.

Na shiga ɗakin na tarar da shi cike. Uwar miji na zaune kan kujera 'yar tsugune, ta harɗe hannu. Yaya na tsaye da sabon ludayi, fuskarta ba daɗi. Yarinyar na bakin gado, kanta a sunkuye, gaban rigarta ya jiƙe. Jaririya kuma na hannun wata can nesa da ita, tana mamular zane. Ita ma ba ta kallonta, 'yar fari ce. Amma na ga wutsiyar idonta.

Na dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, sai huɗubata ta zube. Na san wannan ɗakin, na taɓa yin magana a cikinsa. In na buɗe baki za a ce uwar mugun nono ce ke kare gidansu, a yi dariya, a gwada bayan na tafi.

Na ce, "Yaya, miƙo ludayin. Tunda daga wurina anka ce abin ya hito, ni za ni gwada, kowa ya gani da idonai."

Uwar miji ta ce hakan ma ya yi. Na matsa na tara wa yarinyar ludayi ta tatsa. Tun ranar da aka ɗauke ta daga ɗakina ban taɓa kusantarta haka ba, har ina jin numfashinta a bayan hannuna. Kunnen nan na hagu yana nan da lanƙwasarsa. Na fita gindin bango na kamo tururuwa a tsinke, na zaɓi mai ƙarfi. Na dawo tsakiyar ɗaki inda kowa ke gani, na yi bisimilla, na karkaɗa ta can wajen mariƙi, na ɗan sassauta wuyan hannuna kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda nonon zai janye daga gefen.

Ta yi wutsil-wutsil. Ƙafarta ta kama. Ta haye mariƙin ludayi, ta bi shi, ta hau babban yatsana tana share ƙahonninta.

Guɗa ta tashi. Uwar miji ta washe baki ta ce, "Alhamdu lillahi, ta ɗauko na wajen uba." Na ji ta sarai. Na bar mata, ban zo don kaina ba. Na sami gefe na zauna.

Aka miƙa wa yarinyar jaririya. Ta karɓa, ta kasa saita ta, jaririyar na ta lalube da baki. Can sai ta cafka. Yarinyar ta ɗan zabura, ta manta da kunya, ta manta da mutane, ta ɗago fuska cike da hawaye da dariya ta ce, "Inna! Inna, zo ki gani, ta kama!"

Na riga na ɗaga daga zaune kafin in tuna. Yaya ta wuce ta gabana ta je ta gyara mata hannu. Ni kuma na yi kamar zanena nake gyarawa, na koma na zauna.

Ban kwana ba, na ce sai ranar suna. Saboda hanya dole in kama motar azahar. Yarinyar ta ce, "Anti, an gode, Allah ya kiyaye hanya." Yaya ta yafa mayafi ta rako ni. Mun fita zaure, mun ɗan yi nisa, sai ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Na ga hannunki."

Raina ya ɓaci nan take. Na tsaya na ce, "To koma ki hwaɗa musu."

Ta ce, "In hwaɗi mi? Ni ma abin da za ni yi ke nan, kika riga ni. Ranar da anka gwada nawa, haka tsohuwata ta karkata shi. Ai kowace uwa haka ta ka yi, ba a dai hwaɗi. Goggo ce, Allah ya jiƙanta, tsoronta na gaske na, shi ya sa ta riƙe miki shi tsaye." Ta dube ni, ta ga fuskata. Ta ce, "Wai ba ki sani ba? Na ɗauka kin daɗe da sani."

Na ce, "Wa gare ni da zai hwaɗa min?"

Ta riƙe mini jaka har mota ta cika.

Tun ina yarinya ake ce mini marainiya, ban taɓa jin ciwon kalmar ba, domin ban san abin da na rasa ba. Sai a motar nan, da furfurata, da jikata a duniya, na yi kukan uwata. Ba fuskarta nake nema ba, ban san ta ba. Wuyan hannunta kawai nake so, a safiyar nan da aka gwada nonona, ya ɗan karkata kaɗan. Matar da ke kusa da ni ta zaci tsoron hanya ne, ta dafa ni ta ce in yi ta salati, mun kusa Ƙaura.